Hannu da Niyya: Tsokaci Kan Zanen Wasu Ƙawaye Biyu 'Yan Gella

Gabatarwa

A ƙarshen shekarar karatu da ta gabata an gayyace ni, tare da wasu malamai, zuwa baje kolin ayyukan ɗaliban ajin ƙarshe na sashen zane-zane a wata jami'a. Ni malamin adabi ne, sanina a kan zane bai wuce na kowane mai ido ba, saboda haka na tafi da nufin kallo kawai. Sai ga shi na dawo da wata tambaya wadda har yau ba ta bar ni na huta ba. Tambayar kuwa ita ce: shin ana kama mutum da abin da hannunsa ya aikata alhali zuciyarsa ba ta yi nufi ba, ba ta ma san an yi ba? In kuwa ana kama shi, wane ne ke da ikon faɗa masa abin da ke ɓoye a zuciyar tasa? Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin wannan tambaya ta hanyar abin da na gani a wurin. Ba zan shiga muhawarar malaman addini game da hukuncin zana sura mai rai ba, domin wannan fage ne mai mazajensa.

Abin da Ya Faru

Ɗalibar da zancen ya shafa 'yar Gella ce, wato hedkwatar Ƙaramar Hukumar Mubi ta Kudu a Jihar Adamawa, a yankin duwatsun da suka miƙa har cikin Kamaru. Ta rataya zane 7 waɗanda ta yi da gawayi a kan farar takarda, ta raɗa musu suna "Ƙawance". A kowane zane 'yan mata biyu ne: ita kanta, Bafulatana, fara, da ƙawarta, 'yar ƙabilar Gude, baƙa. Unguwarsu ɗaya, makarantar firamarensu ɗaya. A ƙarshen watan Oktoba na 2014, lokacin da Boko Haram ta kama Mubi mutane suka watsu da ƙafa suka nufi duwatsu da iyakar Kamaru, shekarun kowaccensu bai wuce 12 ba. Iyayen ɗalibar ba sa gida a ranar, mahaifiyar ƙawar ce ta kama hannunta ta haɗa da 'ya'yanta suka gudu, suka yi makonni suna kwana a tabarma ɗaya. Zanen nan, in ji ɗalibar, godiya ce da ta rasa bakin furtawa.

Muna cikin yabo sai wani daga cikinmu, masanin tarihi, ya tsaya yana ƙidaya da yatsa. A zane 5 daga cikin 7, in ji shi, farar ce a gaba, baƙar tana baya ko a gefe. A ɗaya tana tsaye tana yi wa farar kitso, a wani tana ɗauke da bokitin ruwa a ka, farar tana tafe hannu sake. Sai ya juya ya ce, "Yarinya, kin san abin da kika zana kuwa? Uwargijiya kika zana da baiwarta." Wuri ya yi tsit. Ɗalibar ta ce, muryarta na rawa, "Wallahi Malam, ban taɓa tunanin haka ba. Ita ce ta iya kitso, ni ban iya ba." Ya ce, "Na yarda ba ki yi tunani ba, abin da ya sa na yi magana ke nan. Hannunki ya san abin da ke ba ki sani ba."

Hujjar Mai Suka

Wajibi ne a yi wa malamin nan adalci, domin ba daga sama ya tsinto maganarsa ba. A ƙarni na 19, bayan da Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo aka kafa daular Adamawa, sarauta a filayen yankin Mubi ta koma hannun Fulani, alhali ƙabilu irin su Gude da Fali da Higi da Margi da yawansu suka riƙe duwatsu a matsayin mafaka daga farmakin masu neman bayi. Wannan al'amari bai tsaya da zuwan Turawa ba. Hamman Yaji, hakimin Madagali da ke arewa da Mubi, ya bar littafin da aka riƙa rubuta masa al'amuransa na yau da kullum daga 1912 zuwa 1927, shekarar da Ingila ta tuɓe shi, kuma a ciki akwai lissafin hare-haren da aka kai wa mutanen duwatsu da adadin waɗanda aka kamo. An buga fassararsa ta Turanci a 1995, mai so yana iya dubawa. Yankin ya fita daga hannun Jamus ya shiga riƙon Ingila, ya zaɓi Nijeriya a ƙuri'ar raba gardama ta 1961, Mubi ta zama hedkwatar Lardin Sardauna, amma duk waɗannan sauye-sauyen tuta ba su goge abin da kakanni suka ba jikoki labari ba.

Kada mai karatu Bahaushe ya ɗauka shi ɗan kallo ne a wannan zance. Kalmar Haɓe da Fulani suka yi amfani da ita ga waɗanda ba su ba ta haɗa har da shi, shi ma kuma yana da nasa sunayen da yake laƙaba wa maƙwabtansa, waɗanda ba zai so a laƙaba masa ba. Daɗin daɗawa, duk wanda ya taɓa jin samari na cewa "fara ko mayya ce", ko ya lura da cinikin man bilicin a kasuwanninmu, ya san cewa launin fata yana da farashi a wurinmu, ko da ba mu gina masa dokoki irin na Afirka ta Kudu ba. Ashe ke nan yarinyar da ta tashi a cikin wannan iska ba abin mamaki ba ne in ta shaƙe ta ba tare da ta sani ba.

Zaure da Ƙurya

Batun cewa a cikin mutum akwai abin da shi kansa bai sani ba, ana danganta shi da Sigmund Freud, likitan ƙasar Ostiriya, wanda ya fitar da littafinsa kan fassarar mafarki a 1900, ya biyo da nazari kan mantuwa da suɓul da baka a 1901. In za mu kwatanta ra'ayinsa da gidan Bahaushe, sai mu ce zuciya tana da zaure, inda mai gida ke zama ya san wanda ya shigo da wanda ya fita, tana kuma da ƙurya, inda aka jibge abubuwan da ba a so baƙo ya gani, har mai gidan ya manta da su. Sai dai abin da ke ƙurya ba ya zama shiru: yakan leƙo ta mafarki, ko ta kuskuren harshe, ko ta aikin hannu.

Wannan ba baƙon tunani ba ne a wurinmu. Imam al-Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi dogon bayani kan riya ɓoyayya da girman kai ɓoyayye, waɗanda kan zauna a zuciyar mai ibada yana ganin kansa tsarkakakke. Masu iya magana ma da suka ce labarin zuciya a tambayi fuska, ai nufinsu shi ne baki yana iya ƙaryata abin da jiki ke shaida. Wanda ya haɗa wannan tunani da batun launin fata kuwa shi ne Frantz Fanon, likitan ƙwaƙwalwa ɗan tsibirin Martinik wanda ya yi aiki a Aljeriya. A littafinsa na 1952 ya nuna cewa raina baƙar fata ba a jini ake gadonsa ba. Ta hanyar makaranta da labarai da hotuna da wasannin yara yake shiga, har ya kai wanda ake rainawa ya fara duban kansa da idon mai raina shi.

Idan haka ne, rantsuwar ɗalibar cewa ba ta yi nufi ba gaskiya ce, amma ba ta rufe magana ba. Ta ba mu labarin zaure ne, alhali tuhumar a kan ƙurya take.

Shirwa da Ungulu

Amma fa akwai wata matsala a nan wadda malamin tarihin bai kula da ita ba. Tuhumar da ya yi irin wadda ba ta da ƙofar fita ce. In ɗalibar ta amsa, ya yi gaskiya. In ta musa, musun ya zama shaidar cewa abin ya yi zurfi. Da baƙar ce a gaba a duk zanen, da sai a ce ta baje ta ne don 'yan kallo. Duk tuhumar da babu wata amsa da za ta iya rushe ta, to ta fita daga sahun hujja ta shiga sahun iko, musamman idan mai yin ta malami ne, wadda ake yi wa kuwa ɗaliba ce mai jiran maki.

Freud ɗin kansa ya faɗa wannan rami. A 1910 ya rubuta nazari kan shahararren mai zanen Italiya, Leonardo da Vinci, ya gina shi a kan wani abu da Leonardo ya tuna na yarinta, cewa wani tsuntsu ya sauka a kansa yana jariri. A fassarar Jamusanci da Freud ya karanta an ce tsuntsun ungulu ce, sai ya tafi Masar ta dā inda ungulu ke alamta uwa, ya ɗora bayani mai tsawo kan dangantakar Leonardo da mahaifiyarsa. Wani almajirinsa ma ya ce ya hango siffar ungulu a cikin tufafin ɗaya daga cikin zanen Leonardo. Daga baya aka gano cewa kalmar da Leonardo ya rubuta da Italiyanci shirwa take nufi. Ungulun da aka gani a zanen, ashe a idon masu kallo take.

Abin lura shi ne, mai kallo ma yana da ƙurya. Malamin da ya shafe shekaru yana karanta lissafin bayi, da ya ga baƙar yarinya tsaye a bayan fara, me ake zato zai fara gani? Alhali duk wadda ta taɓa zama a gaban makitsiya ta san cewa mai kitso a baya take zama ko tsayawa, kuma wadda ake yi wa ita ce ke sunkuyar da kai ana juya ta yadda aka so. Haka nan ba kowane fari da baƙi ne a harshenmu ke magana kan fata ba: farin ciki da baƙin ciki sun fi kusa da rana da dare. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Wanda zai leƙa ƙuryar wani, ya kamata ya fara tambayar kansa da wace fitila ya shigo.

Wadda Aka Zana

A duk wannan ja-in-ja, akwai mutum ɗaya da babu wanda ya nemi jin ta bakinta, wato ƙawar. Wannan kuwa tsohuwar ɗabi'a ce a tarihin zane. A 1800 wata Bafaranshiya mai suna Marie-Guillemine Benoist ta zana wata baƙar mace zaune a kujera tana duban mai kallo ido cikin ido, shekara 6 bayan Faransa ta soke bauta a 1794, shekara 2 kafin Napoleon ya maido da ita a 1802. Zanen yana gidan adana kayan tarihi na Louvre a Paris. Masana sun daɗe suna gardama, wasu na cewa girmamawa ce, wasu na cewa baje koli ne, amma fiye da shekara 200 zanen ba ya ɗauke da sunan matar, sai launinta kawai. Sai a 2019, bayan bincike ya nuna cewa sunanta Madeleine, daga tsibirin Gwadalup, aka gabatar da zanen da sunanta. Masu kare ta da masu kare mai zanen duk sun yi tarayya a abu guda: sun yi magana a kanta ba tare da ita ba.

Ɗalibarmu ta fi su dace, domin tata ƙawar tana da rai tana da baki. Da aka yi hutu ta naɗe takardunta ta tafi da su Gella, kuma da ta dawo ita da kanta ta same ni a ofis ta ba ni labari. Ta ce da ta faɗa wa ƙawar maganar uwargijiya da baiwa, dariya ta yi har da riƙe ciki, ta ce, "Ke da ko bokiti ba ki iya ɗauka a ka ba sai ya zube, wa zai ba ki baiwa?" Amma da ta zo kan zane na shida, wanda shi kaɗai ne fuskarta ta fito sosai, sai ta daina dariya. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Wannan wace ce? Ni ban kai haka haske ba. Hancin nan ma ba nawa ba ne." Ɗalibar ta ce kafin ta yi tunani sai ta ji bakinta ya ce, "Ai so na yi ki yi kyau." Ta ce, "Malam, sai da maganar ta fita na ji abin da na faɗa."

Ga ƙuryar nan ta buɗe, amma ba ta ƙofar da malamin ya ƙwanƙwasa ba. Shi ya ga bauta a inda babu ita, bai kuwa ga ragin launin ba, domin bai san fuskar ta ainihi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne cewa ƙauna ce ta riƙe gawayin a lokacin da aka yi ragin. Haka masu ɗaukar hoton biki ke haskaka fuskar amarya suna ganin kyautatawa suka yi, haka manhajojin waya ke yi wa fuskokinmu kullum. Tun a zamanin fim ɗin kyamara, kamfanin Kodak ya daɗe yana daidaita launin hotuna da katin da ke ɗauke da hoton farar mace, ta yadda baƙar fuska kan fito a dushe. Babu wanda ya zauna ya ƙulla mugunta a cikin waɗannan. Kowa ya tarar da ma'auni ne ya ci gaba da awo da shi.

Laifi da Nauyi

To, yanzu sai mu koma kan tambayarmu ta farko. A ganina kuskuren da ɓangarorin biyu suka yi shi ne haɗa abu biyu da shari'armu ta daɗe da rabawa, wato laifi da nauyi. Malaman fiƙihu sun sanya niyya ta zama ma'aunin zunubi, amma ba su sanya ta zama ma'aunin biyan ɓarna ba. Wanda ya fasa tulun maƙwabcinsa cikin duhu ba mai zunubi ba ne, amma zai biya tulu. Wanda ya yi kisa bisa kuskure ba a yi masa ƙisasi, amma akwai diyya, kuma dangi ne ke taruwa su ɗauke ta, abin da ke nuna cewa akwai nauyin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Malamin tarihin ya so ya ɗora wa ɗalibar laifi saboda ya hango ɓarna, ita kuma ta so ta sauke nauyi saboda ta san niyyarta, kuma kowannensu ya riƙe rabin gaskiya ne.

Misalin da ya fi kusa da lamarin shi ne na gado. Magaji bai ci bashin da mamaci ya ci ba, babu kuma alƙalin da zai kira shi azzalumi saboda shi. Amma ba a raba gado sai an fitar da bashi daga cikin dukiyar, kuma magajin da aka nuna wa shaidar bashi ya kau da kai, daga wannan lokaci shi ne mai zalunci. Idon da muke duban kyau da muni da shi, gado ne. Mun karɓe shi daga waƙoƙin biki da zancen tsakar gida da hotunan kalanda, ba mu zaɓa ba. Ɗalibar ba ta da laifi a ranar da ta rage launin ƙawarta. Da ta ji maganar ƙawar ta ce ai wasa ne, ko ta ce ƙawar ce mai neman magana, to da a ranar laifinta zai fara.

Shi ma mai suka yana da nasa nauyin. Yana da damar ya ce ga abin da na gani, ga tarihin da ya sa na gan shi, ko kin lura? Ba shi da damar ya ce ga abin da ke zuciyarki, domin wannan ilimi ne da ba a ba shi ba. Bambancin maganganun biyu ba ƙarami ba ne ga mu malamai, waɗanda kullum muke fassara waƙa da labari da wasan kwaikwayo muna jingina wa marubuta nufin da ba su furta ba. Ta farko takan sa ɗalibi ya koma ya duba, ta biyu kuwa takan sa ya koyi ɓoyewa, ya riƙa lissafin wa zai sa a gaba wa zai sa a baya don gudun bakin malamai, ba don ya ga abokinsa da kyau ba.

Kammalawa

An yi ƙoƙari a wannan maƙala a nuna cewa kyakkyawar niyya tana wanke mutum daga laifi amma ba ta sauke masa nauyin abin da hannunsa ya gada, cewa mai fassara ma yana da ƙuryar da ya kamata ya bincika kafin ya yanke hukunci, kuma cewa wanda aka zana ko aka rubuta labarinsa yana da haƙƙin a ji ta bakinsa kafin a gama gardama a kansa. Hausawa kan ce hali zanen dutse ne, amma abin da na gani ya sa ina zaton wani sashe na abin da muke kira hali zanen gawayi ne, yana gyaruwa in an sami mai nunawa da mai karɓa.

Ɗalibar ba ta yaga zane na shida ba, ta ce za ta ajiye shi don ta riƙa tunawa. Ta fara wani sabo, ta kuma gaya mini cewa ya fi sauran wuya, domin sai yanzu ta gane cewa duk shekarun da ta yi tana koyon zane, ba ta taɓa koyon yadda haske ke sauka a kan baƙar fata ba, inda yake ƙyalli a goshi da kumatu, da inda yake nutsewa. Ƙawar ta yarda za ta zauna mata, bisa sharaɗin cewa ita ce za ta ce an gama.